Abincin Dare Ba Nama: Tambayoyin da Uwargida Ke Yawan Yi

A gidaje da yawa yanzu nama ya zama na ranar Juma'a ko na zuwan baƙo. Wasu tsada ce ta kai su nan, wasu likita ne ya ce maigida ya rage jan nama, wasu kuma akwai yaro a gidan da ba ya son ko warinsa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu girki.

Anya iyali za su ƙoshi idan babu nama a tukunya?

Za su ƙoshi. Ki duba miyar da ake yi a yawancin gidajenmu, tsoka nawa ke kaiwa ga kowane mutum? Ɗaya, in an yi sa'a biyu. Abin da ke riƙe ciki tun asali shi ne tuwo, wake, gyaɗa da ganye. Ɗanwake, garau-garau, dambu, alale, tubani, faten tsaki da kwaɗon rama duk abincinmu ne na gado, kuma babu wanda aka gina shi a kan nama. Ina jin takaicin yadda ake kallon su a matsayin abincin babu, alhali su ne suka raini kakanninmu da suka wuni a gona.

To abin gina jiki fa, daga ina zai fito?

Daga wake da danginsa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku, kuma shi ake yin awara da shi. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli ma suna da nasu rabon mai tsoka. Ba abin nema nesa ba ne: Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita.

Sirrin yana wajen haɗi. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. Shi ya sa shinkafa da wake, ko tuwon dawa da miyar wake, suka fi kowannensu shi kaɗai amfani. Miliyoyin mutane a Indiya da ba sa cin nama a kan wannan haɗin suke rayuwa, shinkafa ko gurasa da miyar dangin wake.

Miyar da babu nama ba za ta yi lami ba?

Nan ne gwanintar take. Abin da romon nama ke ba miya, daddawa na iya bayarwa, domin kalwar da aka dafa aka rufe ta kwana biyu zuwa uku tana fitar da wannan ɗanɗano mai nauyi da harshe ke nema. Sai dai a daka ta da kyau, kuma a sa ta tun farko ta dahu a cikin ruwan miya, kada a jefa ta ana shirin saukewa.

Ɗauki miyar kuka. Ki surfa wake kamar cikin tafin hannu biyu, ki wanke bawon ya fita tas, ki ɗora shi da ruwa har ya narke ba a ganin ƙwayarsa. Ki zuba dakakkiyar daddawa da barkono, citta da 'yar tafarnuwa, albasa da manja, ki bar su su tafasa har ƙamshin ya cika tsakar gida. Sannan ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Waken ne ke ba ta kauri da gardi, kuma in an zuba man shanu a kai ba mai tambayar ina nama.

Miyar taushe ma haka take: kabewa ta dahu lugub, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shiga, alayyahu da ɗan yakuwa su zo a ƙarshe. In miyar tumatir ce, ki yi haƙuri da albasa, ki soya ta a hankali har ta yi ja kafin kayan miya su shiga. Mai son abin tauna a soya masa awara ta yi ƙarfi a jefa a ciki, tana shan miya ba ta wargajewa.

Ranar da aka dawo a gajiye fa?

Ɗanwake, in dai akwai garinsa a ajiye. Kwaɓi da kuka da ruwan kanwa, jefawa a tafasasshen ruwa, sai mai da yaji da yankakken tumatir da albasa. Faten dankali da alayyahu ma ba ya cin lokaci. Haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.

Wake yana kumbura mana ciki, akwai dabara?

Ki jiƙa shi tun safe, ki zubar da ruwan, ki dafa da sabo har ya yi laushi sosai. Cire bawo ma yana taimakawa. Kanwa tana saurin nunar da shi, amma kada ta yi yawa, tana ɓata ɗanɗano kuma tana lalata wasu bitamin. Ciki kan saba idan ana ci a kai a kai.

Yara ƙanana da mai juna biyu, su ma haka?

A nan sai an yi hattara, kuma ba na son a ɗauki maganar da wasa. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samunsa a wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba. Don haka gidan da ya ajiye nama kada ya ajiye ƙwai, nono da madara. Yaron da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci yana buƙatar irin waɗannan kullum in da hali, domin cikinsa ƙarami ne, tuwo kaɗai zai cika shi bai samu abin da zai girma da shi ba.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini akwai shi a wake da ganye, amma jiki bai cika jansa sosai ba kamar na nama. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko cin ɗanyen tumatir tare da abincin, yana taimaka masa. Shayi kuwa yana tauye shi, saboda haka a jinkirta shi bayan cin abinci. Mai ciki ta ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a wajen awo.

Idan maigida ya ce shi bai ci abinci ba sai ya ga tsoka?

Kada ki sanar da shi cewa yau babu nama. Ki fara da abin da ya riga ya ke so, kamar tuwon shinkafa da miyar taushe, ko garau-garau da ya ji mai da yaji da latas, ki ɗora dafaffen ƙwai a gefe. Dare biyu a mako ya isa farawa, kuɗin da aka rage kuma a sayi ƙwai da nono wa yara da shi.