Mene Ne Ƙarfin Jan Ƙasa, Kuma Nawa Nauyinka Zai Zama a Jupita?

Duk abin da ka saki daga hannunka, ƙasa yake nufa. Abin da ke jawo shi shi ake kira ƙarfin jan ƙasa. Wasu suna cewa maganaɗisun ƙasa, amma ba maganaɗisu ba ne: shi maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa bai bar dutse ba, bai bar auduga ba, bai bar ruwan teku ba.

Isaac Newton, masanin nan na Ingila, shi ya fitar da lissafinsa a 1687. Kowane abu biyu suna jan juna, kuma ƙarfin jan ya dogara da abu biyu: yawan kayan da kowanne ya ƙunsa, da tazarar da ke tsakaninsu. Idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ta ninka goma, ɗaya cikin ɗari. Nauyin da sikeli ke nuna maka ba komai ba ne illa yadda duniyar da kake tsaye a kai take jan ka. Da za a kai ka kan wata, naman jikinka da ƙashinka suna nan yadda suke, amma sikeli zai nuna kashi ɗaya cikin shida kawai.

To, Jupita fa, wadda malaman falaki ke kira Mushtari? Ita ce babbar duniyoyin da ke kewaya rana. Kayan da ta ƙunsa sun ninka na duniyarmu sau 318, cikinta kuma zai ɗauki irin tamu kusan 1,300. Mai jin haka sai ya ɗauka nauyin mutum a can zai ninka sau ɗari uku. Ina! Sau biyu da rabi ne kacal. Girman nata ne ya rage mata ƙarfi: faɗinta ya ninka namu sau 11, don haka wanda ke samanta ya fi mu nisa da tsakiya sau 11. Buga 11 sau 11 ka samu 121, ka raba 318 da shi, sai ga biyu da ɗoriya. Zuhal, duniyar nan mai zobe, ta fi ba da mamaki: ta ninka mu sau 95, amma nauyinka a can da kaɗan zai wuce na nan.

Sau biyu da rabin ma ba wasa ba ne. Buhun siminti mai kilo 50 zai yi nauyin 125, mutum mai kilo 70 kuma ƙafafunsa za su ɗauki 175. Hawa bene ya zama aiki, tuntuɓe kaɗan ya zama karaya. Zuciya ce za ta fi shan wuya wajen tura jini zuwa kai, abin da ke sa matuƙa jiragen yaƙi ganin duhu, har su suma, idan jirgi ya yi kwana da tsananin gudu. Ko da yake duk wannan a takarda ne, domin Jupita ba ta da doron da za a taka; yawancinta iskar haidirojin ce da hiliyam. Na'urar da kumbon Galileo ya jefa cikinta a 1995 ba ta cika awa ɗaya tana aiko da saƙo ba, zafi da matsi suka kashe ta.

Game da mu kuwa, a kwantar da hankali. Ko a lokacin da Jupita ta fi kusa, tsakaninmu da ita kusan kilomita miliyan 600 ne, kuma tasirinta a kan tumbatsar teku bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na tasirin wata ba. Saboda haka saƙonnin da ake yaɗawa cewa ranar kaza duniyoyi za su jeru, mutane su yi ta shawagi a iska, ƙarya ce tsagwaronta. Tushenta wasa ne da masanin taurari Patrick Moore ya yi a rediyon BBC ranar 1 ga Afrilu, 1976, kuma har da waɗanda suka bugo waya suna cewa sun ji jikinsu ya yi sakayau.

Na kusa da Jupita ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 ya gifta dab da ita a 1992, ta farfasa shi gunduwa-gunduwa, gutsattsarin suka faɗa mata a watan Yulin 1994. Io, ɗaya daga cikin watanninta, kullum cikin matsa da saki yake, har cikinsa ya narke, ya zama babu inda ya kai shi duwatsu masu aman wuta a duk kewayen rana. Nisan Io da Jupita kusan ɗaya ne da nisanmu da wata. Da a ce Jupita ce a gurbin watan namu, da ƙarfin da ke tayar da tumbatsar teku ya ninka kusan sau 25,000, kuma da mu ne za mu koma muna kewaya ta.