Kunne Ba Ya Zuwa Duniya Da Zaɓinsa

Mutane da yawa sun ɗauka daɗin kiɗa a jikin kiɗan yake, wai duk mai lafiyayyen kunne dole ya ji shi, wanda bai ji ba kuwa bai san waƙa ba. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana sa a raina juna a banza.

A shekarar 2016 mujallar Nature ta wallafa binciken Josh McDermott na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa, kan 'yan ƙabilar Tsimane na dajin Amazon a Bolibiya, mutanen da ba su saba da kiɗan Turawa ba. An sa musu na'urar sauraro a kunne, aka kunna musu sautukan da Turawa ke cewa sun dace da juna, da waɗanda suke cewa suna karo. Amurkawan da aka yi wa irin wannan gwaji sun fifita na farko nesa ba kusa ba. Su kuwa Tsimane, daɗinsu ɗaya a wurinsu. Kuma ba matsalar ji ba ce, domin da aka sa musu sautin dariya da na firgita, dariyar suka zaɓa kamar kowa.

Sabo ne ke yin yawancin aikin. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu na ƙara ƙaunarsa a zuciya. Shi ya sa waƙar da ka ƙi jiya, gobe sai ka tsinci bakinka yana rera ta.

Gwaninta dai tana nan, ban musa ba. Ana iya gane mawaƙin da muryarsa ta kauce ko makaɗin da ya saki kari. Amma gane gwani daban, jin tsigar jikinka ta tashi daban.