Waiwaye: yadda aka mai da Sarah Baartman kayan kallo, tana raye da bayan rasuwarta

A shekarar 1810 aka sauke wata 'yar ƙabilar Khoikhoi ta kudancin Afirka a Landan. Mutum biyu ne suka taho da ita daga Cape Town: Hendrik Cesars, wanda take yi wa aikatau, da wani likita mai suna Alexander Dunlop. Hajar da suka kawo kasuwa ita ce ƙirar jikinta. A unguwar Piccadilly suka tsayar da ita a kan dandamali, sanye da matsattsun kaya masu launin fatarta, duk mai son kallo ya biya sule biyu. Sunanta Sarah Baartman, amma a takardun talla da laƙabin "Hottentot Venus" aka fi tallata ta (Hottentot sunan raini ne da Turawa ke kiran Khoikhoi da shi, Venus kuwa allahiyar kyau ce ta Romawa).

An samu waɗanda abin ya dame su. Shekara 3 kacal da Birtaniya ta haramta cinikin bayi, don haka masu yaƙi da bauta, cikinsu har da Zachary Macaulay, suka kai ƙara kotu a watan Nuwamban 1810. A nan ne aka yi tuntuɓe. Tambaya ɗaya kotu ta riƙe: da yardarta ake yi ko dole aka yi mata? Dunlop ya fito da takardar yarjejeniya, wadda aka rubuta bayan surutu ya fara yawa. Aka yi mata tambayoyi da harshen Holanci, ta ce ba a tilasta mata ba, kuma an yi mata alkawarin rabin riba. Sai aka kori ƙarar. Mace baƙuwa, ba dangi, ba kuɗin jirgin komawa gida, ci da shanta da makwancinta duk a hannun masu nuna ta, me ake so ta ce? Kotun ba ta auna wannan ba, kuma har yau da irin wannan hujja ta "ai da yardarta" ake wanke masu cin kasuwa da jikin mata.

A 1814 aka kai ta Paris, ta faɗa hannun wani mai wasa da dabbobi da ake kira Réaux. Cikin Maris 1815 masana suka duba ta, masanin halittar dabbobi Georges Cuvier na cikinsu, ta ƙi yarda ta tuɓe musu gaba ɗaya. A ƙarshen Disamban wannan shekara ta rasu. Abin da ta hana su tana raye suka yi wa gawarta: Cuvier ya ɗauki siffar jikinta da farar ƙasa, ya feɗe ta, ya adana ƙwaƙwalwarta da al'aurarta cikin kwalabe, aka harhaɗa ƙasusuwanta. Shi kansa ya rubuta cewa tana da kaifin tunawa da fuskoki, tana jin Holanci sosai da ɗan Ingilishi, amma a rahoton nan dai ya riƙa kwatanta ta da birai.

Ƙwarangwal ɗinta ya ci gaba da zama a bainar jama'a a Paris, daga baya a gidan tarihi na Musée de l'Homme, har 1974.

Dawo da ita ma sai da aka sha fama. Nelson Mandela ya nemi hakan bayan ya hau mulki a 1994, aka shafe shekara 8 ana ja. Dalili kuwa, a dokar Faransa duk abin da ya shiga rajistar gidan tarihin gwamnati dukiyar ƙasa ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, kuma a wannan rajista gawar mace da tukunyar ƙasa matsayinsu ɗaya. Sai da majalisar dokokin Faransa ta yi doka ta musamman a kanta ita kaɗai a watan Maris 2002. Aka mai da ita gida a watan Mayu, aka binne ta a Hankey da ke lardin Eastern Cape ranar 9 ga Agusta 2002, ranar mata ta Afirka ta Kudu, Shugaba Thabo Mbeki na wurin.

Sauran gawarwakin da ke ajiye a gidajen tarihin Faransa kuwa, sai a Disamban 2023 aka yi dokar da ta ba da damar mayar da su ƙasashensu ba tare da an koma majalisa a kan kowace ɗaya ba.