Bayan hutun haihuwa, wa zai riƙe jaririn? Abin da doka ta ce da inda ta yi shiru

Ma'aikaciyar da ta ɗauki ciki a Najeriya tana da haƙƙi a rubuce, kuma yana cikin sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, wadda aka yi tun cikin shekarun 1970 aka sake tattara ta a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashen gajere ne, bai cika shafi guda ba. Mata da yawa da ya shafa ba su taɓa jin labarinsa ba, sai su je gaban mai gidan aiki suna roƙon alfarma a kan abin da doka ta riga ta ba su.

Ga abin da ya ƙunsa. Idan likita mai rajista ya ba mace takarda cewa haihuwarta za ta zo cikin makonni 6, tana da damar ajiye aiki daga ranar. Wannan zaɓinta ne: in tana jin ƙarfi, tana iya ci gaba har ta kusa sauka. Makonni 6 na bayan haihuwa kuwa ba zaɓin kowa ba ne, dokar ta hana a bar ta ta yi aiki a cikinsu ko da ita ce ta nema. Jimla makonni 12 ke nan. Makonni 6 kwana 42 ne, wato dokar ta sallame ta kwana biyu bayan arba'in, daidai lokacin da mai jego ta gama wanka, wadda ta je wankan gida kuma take shirin komawa ɗakinta.

Batun kuɗi yana da sharaɗi. Sai matar ta yi wata 6 ko fiye a jere tana aiki a wurin kafin ta tafi hutu, sannan ya wajaba a biya ta, kuma abin da ya wajaba ɗin rabin albashi ne, ba duka ba. Mai ɗaukar naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, doka ta tabbatar mata da 35,000 a wata, a watannin da kashe kuɗin gidan ya ninka: kuɗin asibiti, ragon suna, kayan jariri, itace ko gas na ruwan wanka. Sashen ya ma fito fili ya ce mai gidan aiki ba shi da alhakin kuɗin awo ko na haihuwa. Rabin nan shi ne ƙasa. Kamfanin da ya rubuta cikakken albashi a takardar ɗaukar aiki, ko ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata a kan haka, to alƙawarin ya hau kansa, ba zai koma ya fake da rabi ba.

Sai kariya daga kora. Muddin tana cikin hutun, ko ta wuce shi saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar daga cikin ne ko haihuwar ta samo asali, ba a ba ta takardar sallama, kuma ba a ba ta wadda wa'adinta zai cika tana hutu. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin dabarar da aka saba ita ce a miƙa wa mai tsohon ciki takardar wata guda ana saura mako biyu ta tafi, a ce ai ba a cikin hutu aka ba ta ba. Dokar ta toshe wannan ƙofar. Wadda aka yi wa haka wurin kai ƙararta shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk wata rigimar aiki, har da nuna bambanci a wurin aiki, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna da sauran manyan birane. Kafin kotu akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, inda ake kiran ɓangarorin biyu a sasanta. Duk inda za ta je, takardu ne za su yi mata magana: ta ɗaukar aiki, ta likita, shaidar albashi na watannin baya, da kwafin wasiƙar neman hutu. Neman hutu da baki a ofishin manaja ba ya barin shaida.

Akwai wata matsala a sashe na 91, inda dokar ta faɗi waɗanda take nufi da ma'aikata. Ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Manajar banki ko lauya a kamfani ta fi dogara da abin da ke cikin takardar aikinta da littafin ƙa'idojin kamfanin. Shi ya sa ya kamata mace ta karanta wannan shafin ranar da ake ɗaukarta aiki, tun ba ta da ciki, ko ma tun ba ta yi aure ba.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai haihuwa aƙalla makonni 16 da cikakken albashi, in ta dawo kuma tana da sa'o'i 2 a kullum na shayarwa har tsawon wata 6. Wasu jihohi sun wuce nan. Legas ta mayar da hutun wata 6 a 2014, ga haihuwa ta farko da ta biyu. Kaduna ta bi sahu a 2019, a zamanin Nasir El-Rufai, da wata 6. Dalilin da aka bayar a fili yake: Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatun lafiyarmu suna ta kira a shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6, ba ko ruwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 suke samun haka. Ba zai yiwu a ce wa uwa ta shayar wata 6 a rediyo, sannan a ce ta koma bakin aiki bayan makonni 6 a doka, a kuma zarge ta in ta haɗa da madarar gwangwani.

Maza ma sun samu wani abu, amma a gwamnati kawai. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, kuma Shugabar Ma'aikata ta lokacin, Folasade Yemi-Esan, ita ta sanar. Takardar da ta biyo baya ta sa iyaka: sau ɗaya cikin shekara 2, kuma ga 'ya'ya 4 kawai. Mai mata biyu da suka haihu a shekara ɗaya zai ci hutun a kan ɗaya ne. Kwana 14 ya isa a yi suna, a yi zirga-zirgar asibiti, a je rigakafin farko. Dokar Ƙwadago ita kam ba ta ambaci uba ba ko sau ɗaya, don haka direban kamfani ko mai gadin masana'anta sai dai ya ci daga hutunsa na shekara, ko ya roƙa.

Yanzu mu zo ranar da hutu ya ƙare, domin nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 54 ya ce mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a rana cikin lokacin aiki don ta ba ɗanta nono. Ka ɗauki mace mai aiki a masana'antar Sharaɗa ko Bompai, gidanta kuma yana Rijiyar Zaki ko Hotoro. Rabin sa'a ba ya kai ta bakin titi ta samu A Daidaita Sahu, balle ta je ta dawo. Haƙƙin yana da amfani ne kawai idan jaririn yana kusa da ita, a ɗaki guda cikin harabar wurin aikin. Amma babu inda Dokar Ƙwadago ta wajabta wa kamfani, komai yawan matan da ke cikinsa, ya tanadi ɗakin raino. Wasu asibitoci da bankuna da sakatariyoyi sun yi don raɗin kansu, kuma sun kyauta. Inda ba a yi ba, uwa tana zaune a kan aiki da rana tsaka, nono ya cika ya jiƙa gaban riga, ta ja mayafi ta rufe, jaririn kuma yana can yana kuka a bayan wata mata.

Manufar ilimi ma ba ta cike giɓin ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2013 ta shigar da shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, ga ɗan shekara 5, cikin abin da gwamnati za ta bayar kyauta. Daga haihuwa zuwa shekara 4 kuwa, manufar ta bar shi a hannun 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, gwamnati ta tsaya a kan tsara ƙa'ida da sa ido. Ma'ana, shekarun da yaro ya fi buƙatar hannu, waɗanda kuma suka fi hana uwa motsi, su ne babu kuɗin gwamnati a cikinsu. Ƙa'idar dai tana nan, kuma iyaye suna iya amfani da ita: a gidan rainon jarirai mai kula ɗaya ga yara 10, a ajin nazare malama ɗaya ga yara 25. Ni a ganina ko 10 ɗin ya yi yawa in jarirai ne masu rarrafe. Uwar da za ta kai ɗanta ta je ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta ƙirga yara ta ƙirga manya, ta leƙa inda ake wanke musu kashi da inda ake ajiye abincinsu, ta duba ko akwai gidan sauro a kan gadajen, ta tambayi wanda ake miƙa wa yaro in ba ita ce ta zo ɗauka ba, ta kuma nemi ganin takardar rajista daga hukumar jiha. Mai gidan rainon da ya ɓata rai don an tambaye shi wannan, ba a bar masa ɗa.

Galibin gidaje ba gidan raino suke kai yara ba. Kaka ce, ko ƙanwar uwa, ko kishiya in ana zaman lafiya, ko maƙwabciya. Wannan gata ne babba, kuma shi ya riƙe mata masu aiki shekara da shekaru. Sai dai ma'auratan da aiki ya kai Abuja ko Legas, suna haya ɗaki biyu, ba su da kaka a kusa. Su ne suke aikawa ƙauye a kawo musu 'yar raino, kuma a nan mutanen kirki da yawa suke taka doka ba su sani ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, ko ya kawo shi, ko ya ba da shi haya, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsa, kuma yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba. Jihohi suna da nasu nau'in dokar, Kano ta sa hannu a kan tata a 2023. Ko da babu doka, yarinya 'yar shekara 10 da aka ɗaura wa jariri da majanyi tun safe har la'asar, a gida ita kaɗai, da risho a kunne da bokitin ruwa a tsakar gida, ita ma raino take buƙata. Matar gidan ta samu ta ci gaba da aikinta na ofis, amma da karatun 'yar wani aka biya. Mai ɗaukar mai raino ta ɗauki babba, ta yanka mata albashi, ta ba ta ranar hutu.

Duk wannan bayani ya shafi 'yan tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su cikin aikin albashi mai rajista. Mai suyar ƙosai, mai ɗinki, mai kitso, mai sussukar gyaɗa a gonar wani, babu mai ba su hutun haihuwa. Ranar da ba ta kunna wuta ba, ranar babu ciniki, don haka da an yi suna da 'yan kwanaki sai ta koma bakin kasko da goyo a baya, hayaƙi yana shiga idon jariri. Ɗakin raino guda a kowace babbar kasuwa, da haɗin gwiwar ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan kasuwa daga kuɗin shiga da ake karɓa kullum, zai taɓa rayuwar mata fiye da ƙarin hutun wata guda ga ma'aikatan sakatariya.

Gyaran da sashe na 54 yake buƙata ba tsawon hutu kaɗai ba ne. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa makonni 14 a matsayin mafi ƙarancin hutu, da kashi biyu cikin uku na albashi, ta kuma ce kuɗin ya fito daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. Jamhuriyar Nijar tana ba da makonni 14, kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, yana ɗaukar wani kaso na biyan. A Najeriya mai gidan aiki shi kaɗai ke biya. Mai makarantar kuɗi da malamai 15, in biyu suka tafi haihuwa a zango ɗaya, zai biya rabin albashinsu ya kuma biya masu riƙe musu aji. Sakamakon haka ake tambayar budurwa a wurin ganawar ɗaukar aiki yaushe za ta yi aure, ake kuma ajiye takardun amarya a gefe. In aka ƙara hutun zuwa wata 6 aka bar kuɗin a wuyan mai gidan aiki, wannan tambayar za ta ƙaru ne. Sai an kafa asusun da kowane kamfani zai riƙa zuba ɗan kaso a kan kowane ma'aikaci, mace ko namiji, kamar yadda ake yi da fansho tun 2004, a riƙa biyan mai jego daga can.