Darasin adabin Hausa a makarantun sakandare na Zariya

Darasin adabin Hausa sashe ne na manhajar Hausa da ake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare, daga aji huɗu zuwa aji shida, kuma a kansa ake yi wa ɗalibai tambayoyi a jarrabawar WAEC da ta NECO tare da nahawu da al'adu. An raba shi gida biyu: adabin baka, wanda ya ƙunshi tatsuniya da karin magana da kirari da waƙoƙin makaɗa, sai rubutaccen adabi, wato zube (kamar ƙagaggun labarai) da rubutacciyar waƙa da wasan kwaikwayo. Hukumomin jarrabawa ne ke zaɓen littattafan da za a nazarta, suna sauya su bayan 'yan shekaru, amma akwai tsofaffin littattafai da suka daɗe suna komowa cikin jerin. Abin da ya bambanta Zariya da sauran garuruwa shi ne, galibin waɗannan tsofaffin littattafai a cikinta aka tsara su, a cikinta kuma aka yi ta buga su.

Asalin littattafan

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara domin samar wa makarantun boko abin karantawa, daga baya aka mayar da ita Hukumar Talifi, tana aiki a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 hukumar ta shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma daga wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. A Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a nan kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kamfanin ɗab'i na Gaskiya ya biyo baya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966. Saboda haka ɗalibin Kwalejin Barewa ko na Alhudahuda yana karanta littattafan da aka haifa kusa da makarantarsa, waɗanda tun farko don ɗalibi irinsa aka yi su.

Wannan asali shi kansa abin tattaunawa ne. Ganɗoki jarumi ne da ya yaƙi Turawa, amma hukumar Turawan ce ta buga labarinsa, kuma ɗalibai masu lura sukan tambayi iyakar abin da marubucin ya sami damar faɗa. Haka nan labaran da aku ke bayarwa a Magana Jari Ce, da yawansu an aro su ne daga Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Turai, aka sa musu sunaye da fada da kasuwa irin na ƙasar Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙonsu. Ko labarin aro da aka yi wa irin wannan ɗinki ya zama na Hausa, wannan tambaya ce da masana suka daɗe suna muhawara a kanta.

Batun bauta

Babu littafin da ke sa aji yin tsit kamar Shaihu Umar. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe wanda ya kai shi Masar, ya yi karatu har ya zama babban malami, yayin da mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai tana dab da rasuwa. Tambayar jarrabawa takan tsaya ga jigon haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma lallai littafin yana ɗauke da wannan. Sai dai a ƙasar Zazzau bauta ba labarin nesa ba ne: masarautar ta shahara da rinjoji, wato ƙauyukan bayi masu noma, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. A makarantun Sabon Gari da Samaru da Wusasa, benci ɗaya kan haɗa jikan masu sarauta da ɗan wata al'umma ta kudancin Kaduna da aka taɓa kai wa kakanninta hari. Malami nagari yakan bar yara su yi tambayar da littafin bai yi da babbar murya ba, wato wane ne ya ci riba, wane ne kuma aka sayar, ba tare da ya bari zancen ya koma gori tsakanin ɗalibai ba. Wasu malaman kuwa sukan tsallake wurin, su wuce ga salo da sarrafa harshe.

Aure, mata da asiri

Jiki Magayi ya ginu ne a kan attajirin da ya aure budurwar wani saurayi, saurayin kuma ya nemi asiri don ya rama, sharrin ya sauka a kan ɗan da aka haifa. Nan ɗalibai kan rabu: wasu na ganin laifin mai kuɗin, wasu na mai ramuwar, kuma sau da yawa 'yan mata ne ke lura da cewa labarin ya fi damuwa da mazan biyu a kan ita matar da ake rigimar dominta. Wasannin kwaikwayo sun ƙara faɗaɗa wannan fage. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya ɗora alhakin karayar attajiri a kan matar da ya aura, Uwar Gulma na Mohammed Sada ya nuna wahalar mace a hannun mijin banza, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina kuma ya taɓo yaudarar 'yan makaranta da masu kuɗi ke yi. Duk waɗannan maza ne suka rubuta su. Sai a 1980, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito ta hannun NNPC, aka sami ƙagaggen labarin Hausa na mace da ya yi suna.

Maganar boka da asiri da bori takan sa malami taka-tsantsan, domin manhajar al'adu ta bukaci a bayyana su, ɗalibai kuwa da dama sun taso da karatun Islamiyya da ke kiran su shirka. Abin da aka saba yi shi ne a raba bayani da yarda, a nuna cewa sanin abin da kakanni suka yi ba ya nufin komawa gare shi.

Waƙa a kan takarda

Zariya tana da nata babban mawaƙin, Aliyu Namangi, makahon da ya yi waƙoƙin Imfiraji, waɗanda almajirai da mabarata suka yaɗa da baki a ƙofofin gidaje. A aji kuwa waƙar takan zo a rubuce da boko, a ƙirga baitocinta, a fitar da amsa-amo, a rubuta jigo a kan allo, wani lokaci ba tare da kowa ya rera ko ɗango ɗaya ba. Haka ake yi wa waƙoƙin Mamman Shata da Narambaɗa, a cire kalangu da kotso da 'yan amshi, a bar kalmomi tsirara. Malamin da ya kunna wa ɗalibai waƙar daga wayarsa kafin nazari yakan ga bambanci nan take, domin a rerawa ake jin karin waƙa. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, da suka taɓo siyasa da bidi'a da shan giya da neman ilmi, sun fi jure takarda, tun da dai da alƙalami aka yi su.

Akwai kuma tazara tsakanin littafin manhaja da abin da ɗalibai ke karantawa don kansu. Tun daga shekarun 1980 littattafan soyayya da aka fi sani da adabin kasuwar Kano suka mamaye hannun matasa, yanzu kuma irinsu sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp. Iyaye da wasu malamai sun daɗe suna zarginsu da ɓata tarbiyya, alhali auren dole da kishi da saki da suke magana a kai su ne batutuwan da wasannin kwaikwayon manhaja suka riga suka kawo aji. Sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, inda malaman Hausa da yawa na makarantun Zariya suka yi karatu, ya daɗe da karɓar waɗannan littattafai a matsayin abin nazari, ɗalibansa na rubuta kundayen digiri a kansu.