Risibar sinimar gida

Risibar sinimar gida na'ura ce da ke karɓar hoto da sauti daga sauran na'urorin kallo, ta miƙa hoton ga talabijin ko majigi, sautin kuma ta raba shi ga lasifikokin da aka jera kewaye da mai kallo. A jikin kwali akan taƙaita sunanta da AVR. Dikoda da na'urar faifan Blu-ray da na'urar wasan gem da akwatin kallo ta intanet duk a bayanta ake jona su, waya ɗaya tak ce ke fita daga gare ta zuwa talabijin. Sunan risiba daga rediyo ta gaje shi, domin tun asali amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da aka haɗa da makamar tashoshin rediyo ake kira haka, kuma har yau yawancinsu na kama FM.

Aiki uku take yi a akwati ɗaya. Tana zaɓar na'urar da za a kalla. Tana warware sautin fim, wanda ke zuwa a ƙunshe cikin tsarin Dolby ko DTS, ta fitar da kowane layi, wato sautin da aka ware wa lasifika guda, daban. Sannan tana ƙara wa kowane layi ƙarfin lantarkin da zai motsa lasifika. Wannan aiki na uku shi ke sa ta nauyi, shi ke sa ta zafi. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta sun haɗa da Denon da Marantz da Yamaha da Onkyo da Pioneer da Sony.

Tarihi

Injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar fasahar sitiriyo a 1931, wato sauti mai layi biyu, hagu da dama. A shekarun 1970 kamfanoni sun gwada sayar da tsarin lasifika huɗu na gida, amma kowanne ya fito da nasa salon da bai jituwa da na ɗan'uwansa, kasuwar ta mutu. Wanda ya ɗore shi ne abin da ya biyo ta gidajen sinima. Ray Dolby ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965, a tsakiyar shekarun 1970 kuma kamfanin ya fito da dabarar cusa layuka huɗu cikin layi biyu na fim. Dabarar ta shigo gidaje a 1982 da sunan Dolby Surround, sai Pro Logic a 1987 wanda ya iya zaro layin tsakiya. A wancan tsari lasifikokin baya abu ɗaya suke faɗa, kuma sautinsu a daƙushe yake.

Babban sauyi ya zo da sautin dijital, inda kowane layi ke da gashin kansa. Dolby Digital ya fara a sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo a 1993 da Jurassic Park. Faifan DVD, wanda ya fito a Japan a 1996 da Amurka a 1997, shi ya kai tsarin 5.1, mai layuka biyar da na kakkauran sauti ɗaya, ɗakunan mutane. Blu-ray ya zo a 2006 da Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, waɗanda ba sa zubar da komai daga ainihin sautin da aka haɗa a situdiyo. Dolby Atmos ya fara a sinima a 2012, ya shigo risibobin gida a 2014, DTS:X kuma a 2015.

Ma'anar lambobin

A 5.1, biyar ɗin lasifikoki ne: hagu da dama da tsakiya a gaba, sai biyu a gefe. Ɗayan da ke bayan ɗigo layi ne na kakkauran sauti zalla, irin rugugin tsawa da fashewar bam, wanda ba ya wuce haz 120 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba na nufin kakkaura), kuma sabwufa, wato lasifikar kakkauran sauti, ce ke ɗaukarsa. 7.1 ya ƙara biyu a bayan mai kallo. Lamba ta uku, kamar a 5.1.2 ko 7.1.4, adadin lasifikokin sama ne. A Atmos mai haɗa sauti ba ya cewa ƙarar jirgi ta fito daga lasifika kaza. Wuri yake ba ta a sararin ɗaki, risiba ce ke lissafa lasifikokin da za su raba ta gwargwadon abin da mai gida ya mallaka.

Cikin dukan lasifikokin, ta tsakiya ce aka fi yi wa rowa wajen saye, alhali ita ke ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa. Wanda ya sayi manyan lasifikoki biyu a gaba ya sa 'yar ƙarama a tsakiya, zai yi ta ƙara murya idan ana hira yana ragewa idan an fara harbi. Ya fi kyau ukun gaba su fito daga gida ɗaya, jeri ɗaya, don kada muryar mutum ta sauya launi yayin da yake ratsa allo daga hagu zuwa dama.

Jera lasifikoki

Ƙa'idar da aka fi bi ta Hukumar Sadarwa ta Duniya ce, ITU, mai lamba BS.775. Idan aka ɗauki mazaunin mai kallo a matsayin tsakiyar da'ira, lasifikar tsakiya tana gabansa sak, ta hagu da ta dama kowacce digiri 30 daga tsakiya, na gefe kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato gefen kafaɗa da ɗan ja baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera duka biyar ɗin a kan kantar talabijin saboda ƙyuyar jan waya. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin kewayayyen sauti, amma abin da zai ji bai kai na lasifika biyu masu kyau ba. Lasifikokin gaba su kasance daidai tsayin kunnen mutum a zaune, na gefe su ɗan ɗara. Ta tsakiya a jawo ta bakin kanta, domin idan aka tura ta can ƙuryar kabad katako zai kumbura muryar ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa.

Sabwufa tana da nata hali. Kunne ba ya iya gane inda sautin da ke ƙasa da kimanin haz 80 ya fito, don haka ba dole ta zauna a gaba ba. Sai dai bangon ɗaki na mayar da irin wannan sauti ya yi karo da kansa, a wani wuri ya ninka, a wani ya shafe. Mutum biyu a kujera ɗaya, ɗaya ƙirjinsa na girgiza, ɗaya bai jin komai. Masu harkar suna da wata dabara: a ɗora sabwufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai kakkauran amo, mutum ya durƙusa ya bi gindin bango yana saurare. Inda ya ji amon ya cika kuma ya daidaita, nan ne mazauninta. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin na gunji ne kawai.

Saiti

A nan ne risiba ke nuna amfaninta, a nan ne kuma masu ita da yawa ke barin ta yadda ta fito daga kwali. Kusan kowacce tana zuwa da ƙaramin makirfo. Ana jona shi, a tsayar da shi daidai inda kan mai kallo zai kasance, fuskarsa sama, a kashe fanka da duk abin da ke ƙara, sai risiba ta yi ta sakin wani sauti mai kama da fito daga lasifika zuwa lasifika tana aunawa. Denon da Marantz na amfani da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC, wasu kuma na ɗauke da Dirac Live na wani kamfanin Suwidin. Kada a riƙe makirfon a hannu, kada kuma a ajiye shi a kan matashin kujera, domin abin da ya ji shi za a gyara.

Abu na farko da take aunawa nisa ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ta fi 'yar'uwarta kusa da mita ɗaya tana riga ta isa kunne da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ɗan bambanci ya isa ya janye sautin gaba ɗaya zuwa ɓangarenta. Risiba sai ta jinkirta na kusa har duka su iso tare. Idan ta ba sabwufa nisan da ya fi na zahiri, a bar shi haka: jinkirin da ke cikin lantarkin sabwufar ne ta haɗa a lissafi. Na biyu ƙarfin kowace lasifika, wanda ake daidaitawa a desibel 75 da sautin gwaji (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne).

Na uku shi ne wanda ya kamata mutum ya duba da idonsa bayan an gama. Risiba tana yi wa kowace lasifika laƙabin Small ko Large, kuma kalmomin na ruɗar mutane, don ba girman akwati suke nufi ba. Small na nufin a karɓe kakkauran sautin lasifikar a miƙa wa sabwufa. Mai sabwufa ya fi dacewa ya sa duka a Small, ko da lasifikokinsa sun kai ƙugu tsawo, ya sa iyakar sautin da za a miƙa wa sabwufa a haz 80, adadin da kamfanin THX ya yaɗa. Idan lasifikokin 'yan ƙanana ne a ɗaga zuwa 100 ko 120. Amfanin a fili yake: an sauke wa amfilifayar risiba kaya mafi nauyi, murya ta fito fes.

Batun wat

Babu lambar da ta kai wat, ma'aunin ƙarfin da risiba ke ba lasifika, ɗaukar ido a kan kwali, kuma tana cikin mafi ƙarancin amfani wajen zaɓe. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Tsakanin risiba mai wat 80 da mai 100 bambancin bai kai desibel ɗaya cikakke ba. Ga shi kuma lambar ta danganta da yadda aka auna. Wani kamfani layi ɗaya yake kunnawa, a kan om 6 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki ne), ya bar sautin ya gurɓata har kashi 10 cikin 100, ya rubuta babbar lamba. Awon da za a riƙa shi ne na layi biyu a tare, a kan om 8, daga haz 20 zuwa 20,000, gurɓata ƙasa da kashi 0.1. Ko shi ɗin, idan layuka bakwai suka tashi lokaci guda abin da kowanne zai samu ya ragu, don daga taransifoma ɗaya suke sha.

Lasifika ce ta fi tasiri. Wadda ke ba da desibel 90 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya rabin ƙarfin da mai desibel 87 ke ci take buƙata. Mai om 4 kuma ta fi mai om 8 jan lantarki, ba kowace risiba ke jure mata ba.

Lambar murya a fuskar risiba takan zo da alamar ragewa, kamar −25, tana hawa zuwa sifili. Bayan saiti, sifili shi ne matakin sinima, inda kowace lasifika kan iya kai desibel 105 a wurin tashin hankali. A ɗaki wannan ya yi yawa, kuma daɗewa a sama da desibel 85 na lalata ji sannu a hankali. Ga mai kallon dare akwai saitin da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa, don a ji hira ba tare da an tashi masu barci ba.

Wayoyi da tsufa

Wayar lasifika jan ƙarfe ce mai kauri daidai nisa, ba ta buƙatar tsada. Abin lura shi ne ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi a duka ɓangarorin biyu. Idan aka juya ta a lasifika ɗaya, za ta riƙa turawa yayin da sauran ke ja, kakkauran sauti ya zube, murya ta rasa mazauni. Silin waya guda da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya sa risiba ta kashe kanta da zarar an ƙara murya, kuma wannan ne abin da za a fara dubawa kafin a kai ta wurin mai gyara. Na biyu zafi. Samanta duk huji ne don iska ta fita, saboda haka ba a ɗora mata komai, ba a rufe ta a kabad. Wadda aka ƙera don wutar bolt 120 ta Amurka kuwa ƙonewa za ta yi a kan 230.

HDMI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 2002, ya haɗe hoto da sauti a waya ɗaya, amma shi ne kuma ɓangaren da ke tsufar da risiba. Amfilifayarta na iya shekara goma sha biyar tana aiki lafiya, alhali ramukan HDMI ɗinta sun kasa wuce da hoton 4K ko HDR, ko sun rasa kariyar hana kwafi ta HDCP 2.2 da irin wannan hoto ke nema, allo ya tsaya baƙi. Mafita ita ce a jona na'urorin a talabijin kai tsaye, sautin ya komo risiba ta baya. Hanyar ARC ta 2009 tana dawo da matsattsen sauti irin Dolby Digital, eARC ta 2017 tana dawo da har TrueHD. Tsohuwar risibar da ba ta da ko ɗaya tana iya karɓa ta wayar haske ta TOSLINK, wadda ke ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1 amma ba ta ɗaukar abin da ya wuce su. Idan bayan wannan haɗi aka ga bakin ɗan wasa na motsi bayan an riga an ji maganarsa, talabijin ce ke jinkiri wajen sarrafa hoto, kuma a shafin saitin risiba akwai wurin jinkirta sauti kaɗan-kaɗan har baki da murya su haɗu.