Lokacin da aka yi Fafaroma uku rigis: ina malaman coci suke?

Wai da gaske an taɓa yin Fafaroma fiye da ɗaya a lokaci guda?

Ƙwarai kuwa. A 1378 manyan limaman coci suka zaɓi Urban na shida a Roma, ko wata shida ba a yi ba suka ce ai tsoron mutanen gari ne ya sa su, suka sake zaɓar Clement na bakwai ya je ya tare a garin Abinyon da ke Faransa ta yau. Faransa da Sikotland suka bi na Abinyon, Ingila ta bi na Roma, kuma lokacin Faransa da Ingila yaƙi suke, ka ga kenan abin ya tashi daga addini zalla.

To malaman tauhidinsu me suka yi?

Su ne suka nemo mafita gaskiya, musamman na Jami'ar Paris. A 1394 suka kawo hanya uku: ko dukkansu su sauka, ko a sa masu sulhu, ko a kira babban taron coci. Inda gizo ke saƙa shi ne doka ta ce Fafaroma ke kiran taron, to wa zai kira taron da zai tsige shi? Pierre d'Ailly da almajirinsa Jean Gerson suka ce idan shugabanci ya rikice, cocin gaba ɗaya na da ikon taruwa ta ceci kanta.

An dace?

Da farko ina! Taron Pisa na 1409 ya zaɓi sabo, tsofaffin suka ƙi sauka, suka zama uku. Sai a taron Konstans da aka fara a 1414, da Fafaroma John, magajin wanda aka zaɓa a Pisa, ya gudu daga taron a Maris 1415 mutane har sun fara tunanin watsewa, Gerson ya hau mumbari ya ce taro na nan ko ba Fafaroma, aka daure aka ci gaba har aka zaɓi Martin na biyar a 1417.

Kenan su ba ruwansu da siyasa?

Da ruwansu har da tsaki. Wani malamin Paris, Jean Petit, shi ya kawo hujjojin halasta kisan ƙanin sarkin Faransa da mai mulkin Burgundi ya sa aka yi a 1407, Gerson kuwa ya yi ta yaƙar wannan fatawa. Amma abin da ke min ciwo, d'Ailly ɗin nan yana cikin waɗanda suka tuhumi Jan Hus, wani mai wa'azi na ƙasar Bohemiya, da bidi'a a taron Konstans, Gerson ma ya soki koyarwarsa, aka ƙona bawan Allah da ransa a Yuli 1415 alhali da takardar aman ta sarkin Jamus Sigismund ya zo.